Cefanen iyali a Legas: amsa ga ƙanwata da ta taso daga Katsina

Wata ƙanwata da aikin maigidanta ya dawo da su Legas daga Katsina bara ta aiko mini da tambaya. Su shida ne a gida, ita da maigidan da yara uku da ƙanin miji, suna zaune a Ketu. Ta ce kuɗin cefanen da ke kai ta ƙarshen wata a gida har da saura, a nan ba sa kai ta ashirin ga wata. Tumatir ta saye shi da araha, bayan wata biyu ta koma ta tarar ya ninka sau uku. Kuka da daddawar da ta ɗauro daga gida kuma sun yi fumfuna tun ba a ci rabinsu ba. Tana so ta san yadda matan da suka daɗe a garin suke yi.

Ƙanwata, sannu da baƙunta, Allah ya sa Legas ta karɓe ku. Shekarata 21 a Agege, 15 daga ciki ina girkin biki da suna da walima, saboda haka kasuwa wurin aikina ce, akwai makon da nakan shiga Mile 12, babbar kasuwar kayan miya ta Legas, sau uku. Abin da ya same ki ya sami kusan kowace mace da ta taso daga Arewa, kada ki ɗora wa kanki laifin rashin tattali. A Katsina idan tumatir ya yi tsada, ga kuka ga busasshiyar kuɓewa a ɗakin girki, sai a juya can ba tare da an ma yi shawara ba. A nan kuwa mace takan wayi gari tana jar miya kullum, shinkafa da miya, taliya da miya, doya da miya, domin abin da take gani a maƙwabta ke nan. Ita kuwa jar miya babu abincin da farashinsa ya kai nata hawa da sauka a garin nan.

Tukunyar Legas gona biyu ke ciyar da ita. Akwai noman ranin Arewa, wanda ke kawo tumatir da tattasai da attaruhu da albasa. Akwai kuma daminar Kudu, wadda ke kawo ganye da ɗanyar kuɓewa da ɗanyar masara. Ikon Allah, lokacin da ɗaya ke rufewa shi ne lokacin da ɗayar ke buɗewa. Matar da ta gane wannan takan bar kasuwa ta zaɓa mata miyar da za ta yi, maimakon ta yanke miya tun daga gida ta je tana ciniki da abin da babu.

Bari in daɗe a kan tumatir, tunda shi ne ke cinye miki kuɗi. Wanda kike gani jibge daga Janairu zuwa Afrilu, ja mai tauri mai tsoka, na gonakin rani ne: Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam a Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonaki, da Ɗanja a jiharku, da kewayen Zariya da wasu sassan Jigawa. Ana loda shi a kasuwanni irin su Kwanar Gafan, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 cikin kwanduna, wani a kan wani, kafin ya iso mana. Tumatir ɗan sanyi ne. Da zarar zafin bazara ya kankama furensa yakan riƙa zuba, idan ruwa ya sauka cututtuka su taso masa, manoma kuma su mayar da gonakin na shinkafa da masara. Shi ya sa daga Mayu zuwa Yuli, wani lokaci har cikin Agusta, kwando yake zama abin kallo. A watannin nan na Jos da na ƙasar Yarbawa ne ke riƙe kasuwa, na Yarbawan kuwa ruwa ne da tsami, kwano guda sai ya ƙone ya koma ludayi biyu. Wajen Agusta da Satumba na damina yakan shigo farashi ya sassauto, amma ba ya jure ajiya kamar na rani.

Wannan zagayen kowace shekara ne, ana iya shirya masa. Akwai kuma abin da ke faɗowa ba shiri. A 2016 tsutsar nan da manoman Kano ke kira Sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma ta sake dawowa a shekarun baya-bayan nan. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, a tsakiyar lokacin araha, muka ga kasuwa wayam. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin ɗauko kaya ya tashi, kuma a kan kowane kwando ake raba shi. A tsakiyar 2024 babban kwando ya haura naira 100,000 a Mile 12. Gidajen da suka shiga watannin nan da ajiya a hannu ba su ji jiki kamar sauran ba, na gani da idona a layinmu.

Ke kin yi sa'a, Ketu da Mile 12 maƙwabta ne, wasunmu sai sun keto gari. Ki je bayan asuba zuwa ƙarfe takwas, lokacin da ake sauke kaya, domin da sanyin safiya ake kama fara. Ban da Alhamis: ranar ce kasuwannin Legas ke shara, ba a buɗewa sai ƙarfe goma. Asabar cunkoso ne da tsada, ni Talata da Laraba na fi so. Idan damina ce ki sa dogon takalmin roba, ana ma ba da hayarsa a bakin kasuwa, caɓin wurin ba na silifa ba ne. Tun daga ƙofa wasu samari za su tare ki su ce za su kai ki inda ya fi araha. Cikinsu akwai na kirki, amma ladansu a kan kuɗinki yake hawa. Ki gode musu, ki shiga da ƙafarki, ki taya wuri uku kafin ki ciro kuɗi.

Harshenki jari ne a kasuwar nan, domin yawancin 'yan gwari mutanenmu ne. Ki yi sallama, ki gaisa, ki tambayi malam kayan daga ina suke, yaushe aka sauke. Wanda aka sauke jiya da wanda aka sauke yau ba kuɗinsu ɗaya ba. Kuma ki tuna saman kwando ado ne. Ki sa a zura hannu ta gefe, ko a juye miki a wani kwandon a gabanki. Akwai shekarar da na ɗauki kwando shida na girkin wani biki ban sa an juye ba saboda sauri, na iso gida na tarar kashi ɗaya cikin uku na ƙasan ya narke. Asarar a kaina ta ƙare, domin ba zan zuba wa baƙin mutane ruɓaɓɓen abu ba. Tun daga ranar ban sake ɗaga kwandon da ban ga gindinsa ba. Idan an sallama miki ki nemi gyara, ba abin kunya ba ne. Jara ɗin da za ki ji matan Yarbawa suna nema, gyararmu ce ta shiga bakinsu. Idan kin sami mai gaskiya ki riƙe shi, ki karɓi lambarsa. Nawa yakan kira ni ya ce Hajiya kaya sun yi yawa yau, ko ya ce kada ki fito, motoci ba su iso ba.

Za ki ga fasasshen tumatir a robobi a gefe, wanda Yarbawa ke kira esha, da araha mai jan hankali. Iri biyu ne a ciki. Wanda nauyin hanya ya fasa, jikinsa ja, babu wari, babu fari ko baƙi a bakin tsagar, wannan za a iya wankewa a dafa a ranar. Wanda ya fara fumfuna ko yake tsami yana kumfa, ki bar shi ko kyauta ne. Tafasa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta kawar da dafin da fumfuna ke bari. Kina da ƙananan yara, kuɗin da kika rage a nan asibiti ne zai karɓe.

Babban kwando ya fi ƙarfin gida ɗaya a rana ɗaya, shi ya sa muke watanda, kamar yadda ake yi da sa a gida. Mata uku ko huɗu ku haɗa kuɗi, biyu su je kasuwa, a raba kuɗin mota da na ɗan dako, a dawo a kasa. Ki riƙa lissafi har da markaɗe da gas ɗin da za ki ƙona wajen dafawa, domin su ma cikin kuɗin tumatir suke. Ko da an haɗa su duka, abin da kika ajiye a Fabrairu ko Maris ya fi na Yuni sauƙi nesa ba kusa ba.

Ajiyar kanta ga yadda nake yi. A wanke, a tsane, a markaɗa ba tare da an tuttula ruwa ba, a zuba a faffaɗar tukunya a bar ta a buɗe, a yi ta dafawa har ruwan ya ƙone ya yi kauri ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku. Idan kina da firiza, ki ƙulla a leda daidai girki ɗaya-ɗaya, ki baje su su yi faɗi don su daskare da wuri. Firiza cikakkiya takan riƙe sanyi kusan kwana biyu bayan an ɗauke wuta idan ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuwa kwana guda, saboda haka ki cike gurbi da gorunan ruwa. Idan wutar unguwarku ba abin dogaro ba ce, kwalba ce mafita, amma da sharaɗi. Tumatir zalla ake sa wa a kwalba, ban da albasa da tattasai da attaruhu. Dalili shi ne tsamin tumatir ke hana wata muguwar ƙwayar cuta rayuwa a rufaffiyar kwalba, su kuwa waɗancan ba su da tsamin, suna rage shi. Ki dafa kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe, ki zuba tumatir da zafinsa, ki sa babban cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita, ki bar ɗan sarari a sama, ki goge baki ki rufe. Sannan ki shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, ki jera kwalaben, ruwa ya shanye kansu, su tafasa minti 45. Idan sun huce murfin zai lotsa ciki. Duk wadda murfinta ya kumbura daga baya, ko ta yi kumfa ko wari, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Wadda aka buɗe kuma ta koma firji, a cinye cikin 'yan kwanaki. Haɗin da ke da albasa da attaruhu firiza kawai ya sani.

To, ga Mayu ta shigo, kwando ya tashi. A daidai lokacin ne ruwa ke zuba a Legas, ganye ya cika kowace ƙaramar kasuwa, kuma yawancinsa kin san shi, suna ne kawai ya sauya. Abin da Yarbawa ke kira efo tete alayyahu ne. Ewedu lalo ne. Ewuro shuwaka ce. Ila kuɓewa ce. Iru daddawar kalwa ce da ba a daka ba, ɗorawa ɗaya ta haife su. Rodo attaruhu, tatase tattasai, kin ji ma sunan bai yi nisa ba. Sai waɗanda ba mu saba da su ba sosai, ugu da shoko da gbure, kuma duk suna shiga miyarmu lafiya lau. Miyar alayyahu da gyaɗa ba ta neman fiye da tumatir biyu ko uku. Miyar ɗanyar kuɓewa da ta lalo ba sa nemansa sam, attaruhu da daddawa da ɗan busasshen kifi sun wadatar. Agushi da ugu manja ne ke ba ta launi. Ga faten tsaki da ganye, ga faten wake, ga dambu da zogale, ga ɗanwake, ga wake da shinkafa da mai da yaji, ga kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Duk abincin gidanmu ne, babu wanda maigida zai ce baƙo ne. A gidana daga Mayu zuwa Agusta jar miya sau biyu take hawa wuta a mako, kuma daga ajiya take fitowa.

Ganye kam kada ki je Mile 12 dominsa, na matan unguwa ya fi sabo, kuma kwana ɗaya ko biyu yake yi. Ki wanke shi da ruwa mai yawa sau uku kafin ki yanka, ki zuba shi a ƙarshen girki, minti kaɗan ki sauke. Yawancinmu muna dafa ganye har ya yi baƙi, amfaninsa ya tafi.

Idan ajiya ta ƙare kuma dole sai jar miya, kauɗa tana nan. Ki jiƙa ta a ruwan zafi tare da busasshen tattasai har su yi laushi, ki wanke sau da yawa saboda yashi, domin a ƙasa ake shanya ta. Ki markaɗa da dafaffen karas biyu ko yankin kabewa, ki soya albasa mai yawa a hankali har ta yi zaƙi, ki zuba, ki ƙara ƙaramin tumatirin gwangwani ɗaya saboda launi. Doguwar suya ce ke kashe tsami. Kanwa idan ta yi yawa takan dusashe miya ta ɓata ɗanɗano. Kauɗa da busasshen tattasai a Maris da Afrilu ake sayensu, lokacin da manoma ke shanya rarar da kasuwa ta kasa ɗauka.

Wannan ya kawo mu ga kukarki da ta yi fumfuna, kuma na ji zafin abin, domin na san hannun mahaifiya ne ya daka ta. A Katsina iska ce ke yi mana ajiya, abin da aka rataye sai ƙara bushewa yake. Legas bakin teku ce, iskarta jiƙe take kusan duk shekara, busasshen abu yana shan danshi kamar soso ko da a cikin leda ne. Hunturun nan ɗan gajere ne, 'yan makonni a Disamba da Janairu, kuma shi ne kaɗai lokacin da shanya ke yin kyau. Saboda haka duk abin da ya zo daga gida, kuka, kuɓewa, karkashi, kauɗa, barkono, ki ba shi rana mai ƙarfi, ya huce, ki zuba a kwalba ko roba mai murfi da ke toshe iska, ki raba shi ƙanana don kada a riƙa buɗe babbar kullum. Cokali mai laima kada ya shiga. Daddawa firiza ta fi mata, ko ki daka ta da gishiri da barkono. Kuma kada ki ɗauro na shekara. Agege da Idi-Araba da Obalende da ita kanta Mile 12 duk ana sayar da kayan miyarmu, motocin Arewa ba sa yankewa. Na wata biyu ya isa. Garin tuwo ma haka: ki ajiye masara ko dawa da ƙwayarta, ki riƙa niƙa na mako biyu. Gyaɗa da masara su na fi jin tsoro, domin fumfunarsu tana barin dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Duk ƙwayar da ta yamutse, ta sauya launi ko take ɗaci, a tsince a zubar, kada a ce a kai markaɗen kunu.

Hatsi da wake lokacinsu kaka ne kamar yadda kika sani, daga Oktoba zuwa Disamba, kuma sauƙin kasuwar Dawanau ta Kano yakan iso Legas bayan 'yan makonni. Shinkafa a buhu Daleko ce kasuwarta, wake da hatsi akwai su a Iddo da Mile 12. Jan waken nan mai zaƙi da suke kira oloyin ya fi tsada. Ki ajiye shi don faten wake, farin wake ya ishi ƙosai da alale. Wake a nan sai an kula. Wasu 'yan kasuwa suna zuba masa fiya-fiya don ƙwari, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Ki ɗebo ki shinshina, idan kin ji warin magani ki wuce. Ke kuma kada ki sa masa komai a gida. Ki zuba shi a busasshiyar jarka, ki cika ta har wuya, ki toshe. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Ko ki sa shi a firiza kwana huɗu kafin ki adana. Idan buhu guda kuka saya, akwai buhun nan mai ninki uku da manoma ke amfani da shi, aikinsa ɗaya da jarkar.

Awo ma zai ruɗe ki da farko. Babu tiya a nan, sai derika da robar fenti. Derika gwangwanin tumatirin De Rica ne ya ba ta suna, buhun shinkafa mai kilo 50 yakan ba da derika sittin da 'yan kai. Ki duba gindin gwangwanin, wasu sukan buga shi ya shige ciki. Ni da nawa nake zuwa.

Albasa tana araha daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ta Aliero a Kebbi da ta Sakkwato ke fitowa, tana kuma tsada daga Oktoba zuwa Disamba. Ki zaɓi mai busasshen wuya, mai tauri, ki baje ta a inda iska ke ratsawa, kada a leda, kada kusa da dankali, ki riƙa juyawa kina cire wadda ta fara laushi. A danshin Legas kada ki sa ran ta kai abin da take kaiwa a gida. Abin da kika ga zai wuce wata biyu ki yanka ki soya ki sa a firiza. Ta damina ruwa gare ta, ta mako guda ake saye. Manja akasin abin da mutum zai zata ne: yana sauka daga Fabrairu zuwa Mayu, yana hawa dab da ƙarshen shekara, kuma yana ajiyuwa watanni a rufaffiyar jarka a inuwa. Wanda jansa ya yi yawa har yana rina hannu kamar lalle, ki guje shi, akwai masu zuba rini.

Doya sabuwa tana fara shigowa a Yuli da Agusta, ruwa ne a jikinta, ba ta yin sakwara mai kyau sai ta kwana biyu. Daga Oktoba zuwa Janairu ta Binuwai da Neja da Nasarawa takan cika gari, daga Mayu kuma tsohuwar ta zama ta masu hali. A tsakanin nan dankalin Hausa da na Turawa na Filato, wanda ke fitowa sosai daga Yuli, su ne ke maye gurbi. Agada tana yawa daga Oktoba zuwa Fabrairu. Kayan marmari ga kasuwarsu nan a bayanki, ta Ikosi a Ketu: lemon zaƙi a ƙarshen shekara, agwaluma daga Disamba zuwa Afrilu, mangwaro daga Maris zuwa Mayu, sai ɗanyar masara ta karɓa. Yara su ci wanda ake yayi, shi ne mai zaƙi shi ne mai araha.

Nama idan kuna da firiza, mayankar Oko-Oba a Agege da safe, ko watandar sa da maƙwabta, ta fi sayen tsinke-tsinke a unguwa. Amma ki saba wa gidanki da kifi, a nan shi ne mai sauƙi: titus da kote da shawa da panla na ƙanƙara, da tarwaɗa ɗanya. Busasshen kifi kaɗan a miyar ganye yakan yi aikin da nama mai yawa ke yi.

Akwai lissafin da mu Musulmi ya kamata mu riƙa yi. Watan azumi yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi Babbar Sallah ranar 6 ga Yuni. Ma'ana a shekarun nan azumi yana faɗowa cikin arahar kayan miya, layya kuma tana faɗowa lokacin da suka fara wuya. Miyar naman Sallah tun kafin azumi ko cikinsa ake tanadinta. Gero da wake da sukari da tsamiya na buɗa-baki kuwa a saye su wata guda kafin a ga wata, domin makon farko komai yakan tashi. Haka rabin Disamba na biyu, saboda Kirsimeti da bukukuwa. Abin da za ki iya saye a Nuwamba kada ki bar shi.

Saura maganar maigida. Tsarin ba da kuɗin cefane daidai wa daida kowane wata bai dace da kasuwar nan ba, domin Maris tana neman kuɗi mai kauri na ajiya, Yuni kuma kaɗan take nema idan an yi ajiyar. Ki sami littafi ki riƙa rubuta farashin abu biyar ko shida duk ranar da kika je kasuwa, da kwanan wata. Bayan wata uku ki zauna da shi cikin natsuwa ki nuna masa, ki roƙi a riƙa ware wani abu daga Disamba saboda sayayyar Fabrairu da Maris, da wani daga Satumba saboda wake da hatsin kaka. Maza sun fi gane lamba a takarda fiye da ƙorafin baki, kuma ƙanin mijin nan naki ki sa shi cikin aikin, ya raka ki kasuwa ya tsaya a kan kaya yayin da kike zagayawa.

A shekarar farko kada ki ɗauki babban kwando ke kaɗai. Ki fara da rabi tare da maƙwabciya, ki yi kwalba huɗu ko biyar, sauran a firiza, ki rubuta kwanan wata a jikin kowace, ki ga yadda wutar unguwarku da cin gidanku za su yi da su zuwa Yuli. Kukar da ta yi fumfuna kuwa ki zubar, kada ki ce za ki tankaɗe ki shanya. Idan mahaifiyarki za ta sake aiko miki, ki ce ta aiko kwano guda a rufaffiyar roba, sauran ta riƙe miki a can inda iska ke tsaron ta.